Jarrabawar da Na Sata ta Taga

Ba shekarar da rana ta yi husufi nike faɗi ba, wadda kaji sunka shige akurki da rana tsaka. Wannan ina amarya. Ba kuma yunwar farko ba ce, wadda soja sunka hau mulki a bayanta. Ta biyun ce, wadda anka raba jar dawa, mata sunka fara ɗaukar duwatsu a Keita ana ba su mai da hatsi. Damina ta yi ƙarya, kaka ta zo ba mu yanki ko dami guda ba, sai bazara ta same mu hannu wayam. Ina goye da Illa, mai gidana Mamman ya tahi bida Abijan tare da rabin mazan garinmu.

Abin da ya tuno mini ita, bazarar bana ce da zafinta, da kuma jikata Nana. Malamar lakwal ce, makarantar boko. Ta dawo daga Madawa tana ba ni labari wai an tara su an koya musu yadda za su gane yaron da karatu ke ba wuya, ba don daƙiƙanci ba. Tana faɗi tana ɗaga kai, kamar a kanta anka fara. Na ce ke 'yar nema, ɗauko bik ki rubuta. Wannan karatun na riga ki shigarshi, kuma ni ta taga na shiga.

Garinmu na tsakanin Buza da Karofane, a gindin dutse. In bazara ta kai tsakiya, duwatsun nan suna riƙe zafi kamar kaskon tuya. Ki taka ba takalmi, sai kin yi rawar da ba ki shirya ba. Muna sallar asuba mu nufi ƙorama, inda anka haƙa ramuka cikin rairayi. Ki zauna ki jira ruwa shi tsattsafo, ki kwasa da ƙoƙo, ƙoƙo guda guda, tulu bai cika ba rana ta yi sama. Daga nan sai daji neman anza. Ita anza sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan, in ba haka ba ɗacinta har kunne shike kaiwa. To ga wuyar ruwa, ga abinci mai shan ruwa kamar raƙumi. Mu haɗa da ganyen jiga, mu ce mun ci. Rumbuna kuwa har ɓeraye sun yi musu bankwana.

Lakwal ɗin garinmu, wadda a da in an zo ɗaukar yara muke ɓoye ɗiyanmu cikin rumbu, a shekarar nan ita ce gidan arziki. Don akwai kantin, wato abincin rana da ake dafa wa 'yan lakwal. Ni da Hajo anka ba dahuwar. Hajo taubashiyata ce, ɗiyar kawuna, kuma tun muna yara ba ta taɓa ganin kaina ba ɗankwali ba tare da ta kira mutane su gani ba. Ladanmu ƙanzon tukunya. Kada ki raina shi, ƙanzon nan ya riƙe gidaje biyu.

Ina da yarinya a lakwal ɗin, ɗiyar fari. Ba ni faɗin sunanta, ba a faɗi, yanzu ma da ta yi jikoki ba ni faɗi. Shekararta goma. In tatsuniya ce, sau ɗaya za ta ji a bakina, gobe ta ba ƙannenta har da inda na yi tari. In awaki ne, ta san kowace da kukanta. Amma a buɗe mata littafi, sai ta zama kamar an ɗaure mata harshe. Ta maimaita kilas, ta sha bulala, ta sha sunan jaka. Malaminsu, Mushe Isufu, wani siririn saurayi ɗan Azarori, ya same ni bakin murhu ya ce:

"Uwar Illa, dirakta ya yanke magana. In ɗiyarki Tsahara ba ta karanta ba kafin bakans, babban hutu, za a sallame ta."

Na ce, "To, Mushe. Ni mi ya shafe ni?"

Haka ake cewa kan ɗiyar fari. Amma muciya ta kusa suɓuce mini. Yarinyar nan rabin kwanonta take ci, rabin ta ƙulle a bakin zane ta kai wa ƙanwarta. Ban da wannan, a zuriyarmu ba a taɓa korar kowa daga ko'ina ba. Mu ke barin wuri in mun ga dama.

Ana cikin haka sai ga kamiyo, babbar motar kaya, ya sauke mana malamai. Daga Dewule, daga Karofane, daga Keita, har da na wajen Madawa, kowa da tabarmarshi da butarshi. An ba yara hutun mako guda, an ce malamai ne za su zauna kan benci. Mai koya musu wata mata ce daga Yamai, doguwa, da madubin ido, kowa Madam shike ce mata. Anka ce mu ci gaba da dahuwa, su za mu ciyar. Murhunmu kuwa yana ƙarƙashin tagar kilas ɗin, kuma zafi bai bari a rufe taga ba.

Na tambayi Mushe Isufu mi ake koya wa mutanen da sunka riga sunka iya.

Ya gyara wuyan riga ya ce, "Gwaji ne. Akwai wani abu, disleksi sunanshi. Za mu koyi yadda ake gane yaran da ke da shi, a ware su daban."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya wuce da kwanonshi. Ni kuwa na san mi ake nufi da warewa. Kowace mace ta san shiƙa: tsaba ta zauna cikin ƙwarya, ƙaiƙayi iska ta tahi da shi. Na ce a raina, wato an gaji da korar yara ɗaya ɗaya, an kawo mai madubi ta kore su da dami.

Madam na da wasu takardu masu kauri, an huda su an ɗaure da zare, kowace da rubutu a kai. Ɗaya na bin ɗaya, kullum haka. Ta ɗaga ta farko, a karanta, ta juya, a karanta. Wasu kalmomin ko a bakin Nasara ba su da ma'ana, da gangan anka ƙera su don kada yaro shi yi canke. Sai kuma a tafa hannu a rarraba kalma, sai a ce nuna dama, nuna hagu. Malaman su kasu biyu biyu, ɗaya malami, ɗaya yaro. Wallahi da kin ga wani mai gemu daga Keita, ya naɗe ƙafa kan bencin yara, ya ƙanƙance murya yana in'ina, abokinshi na lallashinshi. Hajo ta yi dariya har hayaƙi ya sarƙe ta.

Ni ban yi dariya ba, aiki nike. Ba ni jin Faransanci, amma ina da kunne. Na lura in an faɗi daidai, Madam ta kan ce "tirebiyan." In an kuskure sai ta yi shiru ta buga ɗan yatsa a tebur. To duk abin da tirebiyan ta biyo bayanshi na ɗauka, sauran na bar musu. Maza wajen ashirin suna maimaita abu guda safe da marece, kwana shida, ko tukunyar ma ta haddace.

Da la'asar in na koma gida, sai in sa yarinyar ta kama taɓarya mu daka jar dawa. Ita jar dawar nan tauri gare ta kamar tsakuwa, tana ba mutum lokaci. Na zuba karatun cikin lugude. Ni in buga in ce balu, ita ta buga ta ce rimo, ni tapi, ita sodi. Maƙwabta sunka ɗauka sabuwar waƙa ce ta 'yan bida. Kwana uku ta riƙe shi dut. Na koya mata ta riƙa kallon takardar tana ɗan jinkiri, kada ta amsa kafin a juya. Dama da hagu kuwa, na ɗaura mata baƙin zare a hannun dama na ce maganin kambun baka ne.

Ta ce, "Inna, wannan ba sata ba ce?"

Na ce, "Abin da ya fito ta taga ya faɗo cikin kunnena, na je ɗakin wani na ɗauko? Daka."

Ranar bakwai anka kira yara, kowane malami shi gwada abin da ya koya. Ina tsaye da ludayi ina leƙe. Mushe Isufu ya zaunar da ita, ya ɗaga takardar farko. Ta dube ta, ta yi jim kamar mai tunani, ta faɗa. Ya juya, ta faɗa. Ya juya, ta faɗa. Tun yana juyawa a hankali har ya koma juyawa da hushi. Ta kai ƙarshe ba tuntuɓe ko guda. Ɗan Hajo kuwa, Sha'aibu, a takarda ta uku ya maƙale kamar jaki a laka. Anka ce nuna dama, ya nuna rufin kwano.

Ba a yabon ɗiyar fari, amma ba a hana mutum jajanta wa taubashiya ba. Na bi Hajo har gida.

"Sannu Hajo. Allah shi ba da haƙuri. Kai dai gado ne, wani gida an samu, wani gida ba a samu ba."

Ta ce, "Rakiya, kashi nawa kinka ba malamin na ƙanzo?"

Na ce, "Wasu dai an juya musu takarda har ta ƙare. Ban ce kowa ba."

Na bi ta bakin ƙorama na faɗa, na bi ta wajen masu saƙar tabarma na faɗa. Kafin magariba ba wanda bai san wasu sun cinye jarrabawar Yamai ba.

Washegari ina hura wuta, sai ga Hajo tana tahiya tana rangaji, haƙora a waje kamar wadda mijinta ya dawo da akwati.

"Rakiya, sannu. Allah shi ba da haƙuri."

Na ce, "Na mi?"

Ashe Madam ta tara iyayen waɗanda sunka faɗi, ta yi musu bayani da Hausa. Ta ce wannan abu ba daƙiƙanci ba ne, ba iska ba ne, ba sammu ba ne. Yaro na da wayonshi cif, sai dai rubutu ne ke yi mishi gardama, kuma akwai hanyar koya mishi. Ta ce duk wanda gwajin ya nuna, ba a korarshi, ba a bugunshi, za a zaunar da shi gaba, malami shi ƙara mishi lokaci bayan an tashi. Kantin kuma tana nan.

"Sha'aibuna," in ji Hajo, "sun ce irinshi ake nema. Tun daga Yamai anka taso mota don shi. Ke taku fa? Na ji Mushe na cewa shekara uku tana raina mishi hankali, ta iya ta ƙi. Ƙiwuya ce, maganar dirakta na nan. Kai dai gado ne, Rakiya."

Na zauna kan dutsen murhu, ban ma ji zafinshi ba. Da hannuna na tura yarinyar waje daga lakwal, da lugude. Kamiyo kuwa bayan azahar zai tashi da Madam da takardunta.

Na tuƙa tuwon nan ban san mi na tuƙa ba. Hanya ɗaya ce, in shiga gaban maza baƙi in ce ni ɓarauniya ce, kuma in yi magana kan ɗiyar fari da bakina. Ko uwata da ke kabari sai ta ji kunya. Na dubi Hajo ko za ta je a madadina. Ta ce ƙafarta na ciwo, amma za ta raka ni har taga don kada wani abu shi wuce ta.

Malamai na cikin kilas suna cin abinci na shiga, Illa a bayana, ludayi a hannuna don na manta ban aje ba. Na durƙusa na gaida Madam.

"Na zo kan maganar wata yarinya."

Ta ce, "Wace yarinya, Inna?"

"Wata dai. Ta wajen gidanmu."

"Ɗiyarki ce?"

Na dubi bango. Mai gemun nan na Keita ya ce, "Madam, ta fari ce. Ko kin kwana nan ba ta faɗi." Anka yi dariya.

Na ce, "Yarinyar da ta cinye jiya, ba ta ci komi ba. Ko baƙi guda ba ta karanta ba. Ni na ɗauki jarrabawar ta taga na ba ta."

Mushe Isufu ya aje cokali. "Uwar Illa, tausayi ne ke sa ki wannan magana. Ke da ba ki taɓa zama benci ba, yaya za ki ɗauki abin da mu munka yi kwana shida muna fama da shi?"

To nan ne ya taɓo ni. Kunya ta tahi, na miƙe tsaye. Na ce Madam ta ɗauko takardunta ta riƙe, ni in ba ta baya. Na fara daga ta farko. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, da tafin, da tirebiyan ɗin, da ɗan yatsan da ake bugawa a tebur. Da na ga sun yi tsit sai na ƙara musu da abin da ba su tambaya ba. Na yi muryar mai gemu yana in'ina. Na yi malamin Dewule da ke share maƙogwaro kafin kowace kalma. Na yi Mushe Isufu kanshi ranar talata, inda ya kuskure takarda ta tara har sau biyu, ba kuma wasan yaro shike ba a lokacin. Wani ya fesar da ruwan bakinshi. Madam ta cire madubi tana share hawaye.

Da ta samu numfashi ta ce a kira yarinyar. Ta ciro zaren da ya ɗaure takardun, ta cakuɗa su kamar mai tankaɗe, ta miƙa wa Mushe Isufu ta ce shi sake.

Ya ɗaga guda daga tsakiya. Yarinyar ta dube ni. Na ce, "Ba lugude. Abin da kinka gani za ki faɗa."

Ta dubi takardar. Ta daɗe. Leɓenta na motsi ba sauti. Ta faɗi wani abu, ba shi ba ne. Anka ɗaga wata, ba ita ba ce. Ta uku sai hawaye, ta sa hannu ta kare kanta, don ta saba abin da ke biyowa. Dariya ta ɗauke a ɗakin. Madam ta durƙusa gabanta ta tambaye ta da Hausa mi take gani.

Ta ce, "Ba su tsayawa. In na kama na farko, sauran sai su watse kamar tururuwa. Kafin in tattaro su na manta na farkon."

Shekara uku yarinyar nan na gidana da wannan abu, ban taɓa tambayarta ba. Shi ma Mushe bai taɓa ba. Ya sunkuyar da kai yana murza alli har ya zama gari.

Madam ta juya wajen malaman ta yi musu magana mai tsawo da Faransanci, sannan ta maimaita da Hausa don ni. Ta ce yarinyar da ta haddace wannan tulin kalmomi cikin kwana uku a bakin turmi, wanda ya sake ce mata jaka shi ne ya kamata a gwada. Ta ce daga yau kowa shi cakuɗa takardunshi kafin gwaji, shi tambayi yaro mi shike gani, kuma shi leƙa taga shi ga wa ke dahuwa. Ta ɗauko takardar waɗanda ba a kora, ta riƙe bik, ta dube ni.

"Sunanta?"

Na dubi rufin kwano. Ai na yi sata, na yi tonon asirin kaina, amma ban lalace ba.

Daga taga Hajo ta ƙwala, "Tsahara Mamman! Ku rubuta da kyau, ta faɗi warwas, ni shaida ce!"

Anka rubuta.

Ruwan farko ya zo bayan wata guda da 'yan kwanaki, da iska mai ɗauke rufin bukka. Ƙamshin ƙasar nan har yau in na tuna sai yawuna ya tsinke. Munka yi shuka da irin da anka raba, mata zalla da tsofaffi, ni ina sara, yarinyar tana binne iri. Kafin bakans, kowane marece Mushe Isufu na zaunar da su shida da gwajin ya nuna a gindin iccen bedi. Ya bar allo, ya sa su rubuta baƙi cikin rairayi da yatsa, babba babba, suna faɗin sautinshi. Da laka ta samu sunka riƙa gina baƙaƙen suna shanyawa. Wata rana akuyar Hajo ta taka rabin karatun. Ba a sallami kowa ba. Gero ya yi a shekarar, Mamman ya dawo ya tarar da rumbu da nauyi.

Ba ta zama mai gudu a karatu ba, kada in yi ƙarya. Satifika sai a karo na biyu ta samu. Amma ta yi shekaru tana aiki a likitar Buza wajen awon ciki, tana karanta takardar kowace mace da yatsa a kan layi, a hankali, kuma ba a taɓa cewa ta ba wata maganin wata ba. Ita ta haifi wannan mai rubutun, da ke ce mini yanzu a waya suke gwajin, wai ba mai iya satarshi. Ba a dai kai ni bakin tagar ba.

Mamman ya rasu, dirakta ya rasu, mai gemun Keita ma na ji ya rasu. Madam ban sake jin labarinta ba, in tana raye Allah shi kai mata gaisuwata. Sha'aibu na nan, shina da kamiyo biyu na albasa, kuma yanzu ya san dama da hagu, don in bai sani ba da mun ji. Hajo na nan, ba haƙori ko guda, bakin dai bai mutu ba. Mushe Isufu na Azarori, idanunshi sun tahi, jikanshi ke jan shi zuwa masallaci. Bara da anka kai ni gaishe shi, ina yin sallama ya gane muryar. Ya ce wa mutanen gidan su yi ƙasa da murya, uwar Illa ta iso, kuma duk abin da sunka faɗa da shi za ta koma.